Daga Gurbin Dara Zuwa Allon Ces: Wace Kariya Za a Riƙe?

Duk wanda ya zauna inda ake dara a Boɗinga ko Shagari ya san tun wurin dasa 'ya'ya ake cin wasa. Gurabe 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba a jera uku sai an gama dasawa. Matashin da ya tashi da wannan hangen nesa, yau kuma yake buga ces, wato shaɗaranji, a wayarsa, ya shigo da jarinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke haddace buɗin wasa iri-iri ba tare da sanin dalilin ko ɗaya ba.

Idan mai farare ya tura sojan gaban sarki zuwa e4, mai baƙaƙe yana da zaɓi. Kariyar Sisiliya, c5, wadda masanin ces Polerio ya rubuta tun 1594, faɗa ce tsirara, rassanta kuma ba sa ƙirguwa. Kariyar Faransa, e6, ta samo sunanta daga wasan da Landan da Paris suka fara ta wasiƙa a 1834. Tana da ƙarfi, amma takan kulle giwa ɗaya a bayan sojoji. Ni Caro-Kann, c6, nake ba mai koyo shawara, domin tana barin giwar ta fita kafin a rufe ƙofa.

Sai dai ko ita ba ta yafe sakaci. A 1997, a wasa na shida da kwamfutar Deep Blue, gwanin ces Kasparov ya ɗauke ta alhali ba makaminsa na kullum ba ce. Kwamfutar ta sadaukar da doki a e6, wasa ya ƙare a motsi 19.

Gambit kuwa bayar da soja ne da gangan don a sayi lokaci da fili. Wanda William Evans, kyaftin ɗin jirgin ruwa, ya buga a 1827 har yanzu yana cizo: da shi Kasparov ya kayar da Anand a Riga a 1995. Mai farare yana ba da sojan b4, giwar abokin karawa ta ɓata motsi wajen ci da ja da baya, shi kuma ya mamaye tsakiya da c3 da d4. Wanda ya ba da sojan sannan ya tsaya nawa, asara kawai ya yi.

Kariya ɗaya ga mai buɗewa da e4, ɗaya ga mai buɗewa da d4, sun ishi mai koyo shekara guda. Bayan kowane wasa ya koma ya nemo motsin da ya fara rasa abin yi, daga nan karatun gobe zai tashi.