Fim Ɗin Da Ya Riga Kotu Tona Asirin Dambe

A wannan makon za mu leƙa Amurka ta shekarar 1949, mu ga yadda wani fim ya faɗi gaskiyar da hukuma ta ɗauki shekara goma sha ɗaya kafin ta ji daga bakin ɗan dambe.

A ƙarshen watan Maris na 1949 aka fara nuna fim ɗin The Set-Up a birnin New York. Robert Wise ne ya ba da umarni, kamfanin RKO ya shirya. Fim ɗin yana cikin rukunin da masu sharhi na Faransa suka raɗa wa suna "fim nuwar", wato baƙin fim. Ana kiran su haka ne saboda hotonsu baƙi da fari ne, cike da inuwa da titunan dare, labarinsu kuma na laifi ne da cin amana da mutumin da duniya ta matse.

Labarin na wani ɗan dambe ne mai suna Stoker Thompson, ɗan shekara 35, wanda ƙarfinsa ya fara ja baya. Manajansa ya karɓi kuɗi daga wani ɗan caca a kan Stoker zai faɗi da gangan. Sai dai bai gaya masa ba, domin ya tabbata ko ba a shirya ba zai sha kaye, ga shi kuma ba ya son raba kuɗin. Sai da dambe ya yi nisa Stoker ya san an sayar da shi. Ya ƙi kwanciya, ya buge abokin karawarsa har ƙasa. Bayan an watse, yaran ɗan cacar suka tare shi a lungu suka farfasa masa hannu, ta yadda ba zai ƙara dambe ba.

Abu biyu suka sa fim ɗin ya yi kama da gaske. Na farko, tsawonsa kimanin minti 72 ne, labarin ma cikin wannan lokacin ya faru, har ana nuna agogon titi a farko da ƙarshe. Na biyu, jarumin fim ɗin, Robert Ryan, ya yi dambe tun yana ɗalibi a kwalejin Dartmouth, don haka naushinsa ba na koyo ba ne.

To, me ke faruwa a filin dambe na gaske a lokacin? A farkon wannan watan na Maris, Joe Louis, baƙar fatar da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi tun 1937, ya sanar da ajiye dambe bayan ya kare kambunsa sau 25. Yayin da jama'a ke jinjina masa, bayan fage kuwa 'yan Mafiya ne ke juya harkar. Wani mai suna Frankie Carbo yana da ta cewa a kan wa zai kara da wa, da wanda za a ba damar neman kambu.

Misali mafi shahara shi ne na Jake LaMotta, gwarzon ajin matsakaita nauyi. Ya daɗe yana cin wasa, amma aka hana shi neman kambu saboda ya ƙi miƙa wuya. A ranar 14 ga Nuwamba, 1947, ya kara da Billy Fox a zauren Madison Square Garden, ya tsaya yana shan naushi har alƙalin wasa ya tsayar da damben a turmi na huɗu. Mutane suka yi ta zargi, amma babu hujja. A watan Yuni na 1949, ƙasa da wata uku bayan fitowar fim ɗin, LaMotta ya samu damar da yake nema, ya doke Marcel Cerdan na Faransa a Detroit ya ɗauki kambu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1960 LaMotta ya amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa da gangan ya bari Fox ya yi nasara, domin a buɗe masa hanyar kambu. A shekarar da ta biyo baya kotu ta yanke wa Carbo ɗaurin shekara 25.

Ku dubi mutanen nan biyu. Stoker na cikin fim ya ƙi sayar da wasa, ya rasa hannunsa da sana'arsa. LaMotta na gaske ya sayar, ya samu kambu, amma har ya rasu a 2017 ba a ba da tarihinsa ba tare da an ambaci daren Billy Fox ba. Tambayar da muka bar muku ta wannan makon ita ce: da kai ne a cikin filin, wanne za ka zaɓa? Ku rubuto amsarku ga ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa mafi kyau a wannan allon mako mai zuwa.