Hutun da Ke Raunana Numfashi

Daga cikin maganganun da ke yawo a barandar asibiti, tun da annobar korona ta 2020 ta sa kowa ya san labarin na'urar taimaka wa numfashi, babu wadda ta fi damuna kamar ta dangin da ke cewa majiyyacin da aka huda wa maƙogwaro aka sa masa bututu hutu kaɗai yake bukata, wai likitan gashin da ke sa shi jan iska har goshinsa ya tsattsafo da gumi azabtar da bawan Allah yake yi. Tausayi ne, babu shakka, sai dai bai yi la'akari da illar hutu ba.

Asalin mas'alar kuwa, akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, wadda ke janyo iska cikin huhu tun ranar haihuwa ba fashi. Idan na'ura ta karɓe mata aikin, sai ta motse, kamar yadda akan tarar da ƙafar mai karaya ta sirance ranar kwance ɗori, illa dai ita ba ta jiran makonni. A 2008 Sanford Levine da abokan aikinsa na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka tabbatar cewa awa 18 zuwa 69 a kan na'ura, alhali tsokar ba ta motsi, sun isa su rage kaurin zarenta da fiye da rabi.

Horon da likitan gashi ke yi wa wannan tsoka domin dawo da ƙarfinta ba shi da yawa. Ana auna ƙarfin majiyyaci, sa'an nan a ɗaura wani ɗan marfi mai sifirin a bakin bututun, wanda ba ya buɗewa sai an ja shi da haƙiƙanin ƙarfi. Ya ja kamar sau shida, ya huta, ya sake, da sharaɗin yana cikin hayyacinsa. A Jami'ar Florida, a 2011, an gwada majiyyata 69 da suka gaza rabuwa da na'ura: kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka hora suka rabu da ita, sauran kuwa kashi 47. Ba kowane bincike ne ya ga irin wannan rata ba, amma ƙaruwar ƙarfin tsokar an sha ganinta.

Hukumomi dai nakan ji suna alfahari da adadin na'urorin da suka sayo, amma ban cika jin an ambaci likitocin gashi nawa aka ɗauka domin ɗakunan kulawa ta musamman ba.