Lasisi da Ƙa'idojin Cacar Ƙuri'a ta Intanet: Ina Matsayin Kano?



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wanda doka ta ba ikon yi wa masu cacar ƙuri'a ta intanet lasisi a Nijeriya, da abin da hakan ke nufi ga mazauna unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Cacar ƙuri'a ita ce wadda mutane da yawa za su sayi tikiti da kuɗi kaɗan, a zaro lamba, wanda tasa ta fito ya ɗauki mota ko waya ko tsabar kuɗi. A da sai an je rumfa an yanki tikiti. Yanzu kuwa rumfar ta koma cikin wayar hannu, irin wadda ake saye da sayarwa kullum a kasuwar Farm Centre da ke cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni.

Abin da ke mai da gasa caca

Masana shari'a sukan duba abubuwa uku kafin su kira abu caca, watau kuɗin shiga, da dogaro ga sa'a, da kuma kyautar da ake ci. In an rasa ɗaya daga ciki, hukuncin yakan sauya. Alal misali, kantin da ya raba wa masu ciniki kyauta ba tare da ya ƙara ko kwabo a kan farashin kaya ba, garaɓasa ya yi. Amma wanda ya ce a turo naira ɗari biyar a sami lamba, alhali ba ya sayar da komai sai lambar, caca yake yi, ko da ya raɗa mata suna tallafi ko gasa.

Dalilin lasisi

Ƙasashen da suka yarda da caca, irin su Ingila, sun lura cewa mai sayen tikiti ba shi da hanyar sanin ko da gaske an zaro lamba. Saboda haka lasisi yakan ɗora wa mai shirya caca sharuɗɗa: ya yi rajistar kamfani, ya nuna yana da kuɗin biyan waɗanda suka ci, ya zaro ƙuri'a a gaban shaidu, ya hana yara shiga, ya kuma biya hukuma kasonta.

Tarihin dokar a taƙaice

Tun dokar Penal Code ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, akwai tanadi game da ƙuri'a da gidajen caca. A shekarar 2000 Jihar Kano ta kafa dokar Shari'a, wadda ta haramta wa Musulmi caca bisa hanin da ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, sannan a 2003 aka kafa Hukumar Hisba. A 2005 kuma Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar Cacar Ƙuri'a ta Ƙasa, ta kafa hukumar da ke ba da lasisi daga Abuja. Daga nan masu shagunan caca suka sami abin kafa hujja, suna cewa takardarsu ta tarayya ta fi ƙarfin dokar jiha.

Jihar Legas, wadda ke da tata hukumar caca, ta kai ƙara a 2008. Sai a ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa caca ba ta cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulki na 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon yi wa doka, don haka dokar 2005 ba ta da ƙarfi sai a Babban Birnin Tarayya. Watau hurumin ya koma hannun jihohi. Ga Legas, hukuncin ƙofa ce ta kuɗin shiga. Ga Kano kuwa, tabbaci ne cewa takardar da aka yanko a Abuja ko Legas ba ta halatta abin da dokar Kano ta hana.

Inda gizo ke saƙar

A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca da dama a birnin Kano. Sai dai kwaɗo ƙofar shago yake kullewa, ba ya kulle waya. Ɗalibin da ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi zai iya ganin talla a Facebook ko TikTok, ya tura kuɗi ta banki ga wanda bai san garinsu ba. In an cuce shi, da wuya ya kai ƙara, domin a ganinsa ya tona wa kansa asiri. Ta haka sai mazambaci ya sami mafaka a inda aka fi ƙyamar caca.

Bugu da ƙari, hanyoyin da cacar ke bi ba a hannun jiha suke ba. Bankuna suna ƙarƙashin Babban Bankin Nijeriya, layukan waya kuma suna ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ta taɓa dakatar da gasannin ƙuri'a na kamfanonin waya a 2012. Ashe ke nan jiha tana da ikon hanawa, amma makullan suna wurin tarayya.

Kammalawa

Abubuwa uku ne suka kamata. Na farko, Majalisar Dokokin Jiha ta fayyace a rubuce bambancin garaɓasar 'yan kasuwa da caca, don kada a hukunta mai gaskiya. Na biyu, jiha ta nemi haɗin kan waɗannan hukumomi na tarayya wajen toshe asusu da shafukan da ke tallata caca ga mutanenta. Na uku, a buɗe wa wanda aka damfara hanyar kai kuka ba tare da tsoron tozarci ba, domin shaidarsa ce kaɗai za ta kai hukuma ga mazambaci. Ku ɗalibai da ma'aikata, in aka nuna muku lasisi, ku tambayi hukumar da ta ba da shi, da jihar da yake aiki a cikinta.