Hawan Jini Da Ciwon Sukari: Sabon Karatun Malaman Asibiti

Ga bayani a kan wani al'amari da ya shafi kowane gida daga Rijiyar Zaki har sauran ƙauyukan ƙasar Ungogo.

Ku sani cuta iri biyu ce. Akwai baƙuwa, kamar zazzaɓin cizon sauro ko gudawa, wadda takan zo ta yi kwanakinta, a sha magani ta tafi. Akwai kuma mai zama, wadda in ta shiga jiki ba ta fita, sai dai a yi ta lallaɓa ta har iyakar rai. Manyan wannan iri su ne hawan jini da ciwon sukari. Hawan jini ya fi sharri wajen ɓuya, gama mutum yakan shekara goma da shi yana nomansa, yana cin kasuwarsa, ba ciwon kai ba jiri, sai ran nan a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙodarsa ta gaza. Sau da yawa akan ce iska ce ta buge shi, ko jifa aka yi masa, alhali jijiya ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi a shekarar 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019. Kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma cikin kowane biyar, huɗu ba su samun jinyar da ta isa.

To, wa zai yi jinyar wannan taro? Manyan likitoci suna birni, a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ba su da yawa. Manomi ba ya iya barin gonarsa kowane wata ya biya kuɗin mota ya wuni a layi domin a auna shi. Saboda haka masana suka ga hanya ɗaya ce, watau a koya wa malamin asibiti na unguwa aikin, tun da shi ne kusa da jama'a.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Tun 1932 aka buɗe Makarantar Tsabta ta Kano domin horar da 'yan ƙasa. A shekarun 1950 kuma, da aka sami ƙwayar maganin kuturta, ba a ce kowane majinyaci ya tare a Yadakunya ba. An koya wa malamai rabon ƙwaya, aka buɗe wuraren sha a ƙauyukan Arewa, mutum ya zo ran da aka yanka masa ya sha ya koma gida, shekara da shekaru. Abin da aka yi wa kuturta jiya, shi ake nufin yi wa hawan jini yau.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodin jinyar irin waɗannan cututtuka a ƙananan asibitocin ƙasashe matalauta. A 2014 Gwamnatin Nijeriya ta yarda a sauke wasu ayyukan likita a ɗora wa ma'aikatan da ke ƙasa da shi, bayan an horar da su. Sa'an nan a 2020 aka fara shirin yaƙi da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohi biyu, Kano da Ogun, da taimakon Hukumar da wata ƙungiya mai suna Resolve to Save Lives.

Ga abin da akan koya wa malamin. Na farko awo. Mai zuwa zai zauna ya huta kamar minti biyar, ya jingina bayansa, ya sa tafin ƙafa a ƙasa, ya ɗora hannu daidai ƙirji, kada ya yi magana. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ba a yanke hukunci nan take, sai an sake aunawa wata rana, domin gajiya ko fargaba takan ɗaga shi. Na biyu magani, kuma an jera shi hawa hawa a takarda guda, yadda malami ba zai yi ta kame-kame ba. Akan fara da ƙwaya ɗaya mai suna amlodipine. In an yi wata jini bai sauka ba, a haɗa da losartan, amma ita ba a ba mai ciki. In an kai hawan ƙarshe bai sauka ba, sai a tura mutum wurin likita. Na uku rubutu. Kowane majinyaci yana da kati da ranar dawowa, wanda bai zo ba a neme shi. Fatake sun san wannan, gama wanda ba ya rubuta bashi ba ya sanin wanda ya tsere masa. Na huɗu sanin iyaka. Mai ciwon ƙirji, ko wanda bakinsa ya karkace, ko mai ciki da ta kumbura, ba a tsare su a ƙaramin asibiti ko da sa'a guda.

Game da ciwon sukari kuwa, akan koya masa huda yatsa a ɗauki ɗigon jini da safe kafin a karya kumallo. In ya kai 126 ko ya wuce, sai a sake a tabbatar. Akan koya masa duba ƙafafun majinyaci, domin cutar takan kashe jin zafi, ƙaya ta soki mutum bai sani ba, miki ya ruɓe har ya kai ga yankewa. Mai wannan ciwo ya kamata ya je a yi shawara da shi kafin watan azumi ya kama, a gyara masa lokutan shan magani.

Amma fa horo kaɗai ba ya isa. In ma'auni ya lalace ba a gyara ba, ko magani ya yanke a ma'aji, ko an koya wa malami aiki sa'an nan aka ɗauke shi aka kai wani gari ba magaji, to karatun ya tashi a banza. Wannan nauyi yana wuyan hukuma. Sauran nauyin kuwa yana wuyan jama'a, domin babbar ɓarna ita ce mutum ya ji sauƙi ya ajiye ƙwaya, yana tsammani ya warke. Sauƙin daga ƙwayar yake, in an bar ta jini ya koma inda ya fito. Haka kuma a rage gishiri da ɗanɗanon miya, gama abin da aka yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, watau bai cika ƙaramin cokali ba.

Ya ku malamai, ku ake fara kawo wa wanda ya faɗi, kuma maganarku ake ji. In kun yi masa addu'a, ku ce a kai shi asibiti a ranar, ku ce 'yan gidansa su ma a auna su. Ya ku fatake, wanda ya wuce arba'in ya tsaya a auna shi kafin ya kama hanya, mai shan ƙwaya kuma ya yi guzurin da zai kai shi ya dawo da shi. Awon ba ya cin lokacin da ya kai na cinikin buhu guda.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya taimaki masu jinyarsu.