Yadda Ake Horar da Fasto: Digirin Farko a Littafi Mai Tsarki da Tauhidi

Digirin farko a fannin Littafi Mai Tsarki da ilimin tauhidi karatu ne na shekara huɗu, wanda ake shirya mutum da shi domin hidimar ikilisiya: kiwon jama'a, wa'azi, koyarwa da aikin bishara. Ana yin sa ne a makarantun tauhidi, waɗanda jama'a suka fi sani da suna seminari, kuma kusan kowace ɗariƙar Kirista mai ƙarfi a arewacin Najeriya tana da tata. ECWA tana da makarantu a Jos da Kagoro da Igbaja, COCIN tana da ta Gindiri, EYN tana da Kulp a Kwarhi kusa da Mubi, Angilikan suna da ta Wusasa a Zariya, Baftis suna da ta Kaduna, Katolika kuma suna da babbar seminarin St. Augustine a Jos. Akwai kuma TCNN da ke Bukuru, wadda ta fara karatu a 1959 a ƙarƙashin Harry Boer. Ita ba ta ɗariƙa guda ba ce, ikilisiyoyin da suka haɗu a tarayyar TEKAN ne suka kafa ta tare, shi ya sa a aji ɗaya za a tarar da ɗan Lutheran daga Numan yana zaune kusa da ɗan COCIN daga Panyam.

Waɗannan makarantu ba da digiri suka fara ba. Tushensu ƙananan makarantun Baibul ne da 'yan mishan suka buɗe, inda ake koyar da masu bishara da Hausa. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya taka babbar rawa a cikinsa, ita ce ta ba waɗannan makarantu littafin da za su koyar da shi. Da ilimin boko ya yaɗu, masu zama a kujerun majami'a suka zama malamai da ma'aikatan gwamnati da ɗaliban jami'a, sai ikilisiyoyi suka ga dole mai tsayawa a gabansu ya yi zurfin karatu. Daga satifiket aka koma difloma, daga difloma aka kai digiri. Har yau makarantun Hausan suna nan suna aiki, kuma ɗimbin ikilisiyoyin karkara waɗanda suka fito daga cikinsu ne ke riƙe da su.

Shiga karatun yana da ƙofa biyu, kuma sai an bi ta dukansu. Ta farko irin ta kowace jami'a ce: sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci, ko kuma difloma ga wanda zai shiga a tsakiya. Wasu makarantun suna da alaƙa da jami'o'i, kamar yadda TCNN take da Jami'ar Jos, wasu kuma suna neman amincewar ACTEA, hukumar da aka kafa a 1976 don tantance makarantun tauhidi a Afirka. Ƙofa ta biyu ita ce shaidar ikilisiya. Ana buƙatar takarda daga faston mai neman shiga da dattawan majami'arsa, su tabbatar an yi masa baftisma, an san halinsa, an kuma ga alamar kira a rayuwarsa. A wajen ganawa akan tambaye shi yadda ya ji wannan kira, da abin da yake yi a ikilisiyarsu tun kafin ya nemi makaranta. Dalilin wannan tsanani a fili yake: wanda za a damƙa wa aure da jana'iza da asirin gidajen mutane, takardar jarrabawa kaɗai ba ta isa ta shaide shi ba.

Kashin bayan karatun shi ne Littafi Mai Tsarki kansa. A wurin 'yan Furotesta littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabon Alkawari. Katolika suna da 73. Shekarar farko ana zagaya su ne gaba ɗaya, ɗalibi ya san wane littafi ne Attaura, wanne ne tarihi, wanne ne waƙa da hikima irin su Zabura da Karin Magana, wanne ne annabci, ya san taswirar ƙasar Kan'ana da jerin daulolin da suka mulke ta, Assuriya da Babila da Farisa da Girka da Rum. Daga nan sai harsunan asali. An rubuta Tsohon Alkawari da Ibrananci, in ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da suke da Aramaik, Sabon Alkawari kuma da Helenanci, wato Girkancin kasuwa na zamanin manzanni. Ibrananci yana da baƙaƙe 22, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu, kuma kalmominsa galibi suna tasowa ne daga saiwa mai baƙi uku, saboda haka ɗalibin da ya taɓa ɗanɗana Larabci ko ajami ba ya jin baƙuncinsa sosai. Helenanci yana da haruffa 24, amma wahalarsa a sauye-sauyen aikatau take. Nan ne ɗalibai suka fi kuka, nan ne kuma ake ganin 'yan takardun haddar kalmomi a aljihun kowa, ana jujjuya su a layin abinci. Kaɗan ne ke fita suna karanta waɗannan harsuna a sake. Abin da ake nema a matakin digirin farko shi ne mutum ya iya buɗe ƙamus da littafin sharhi, ya gane dalilin da ya sa fassara biyu suka bambanta a aya ɗaya.

Duk wannan shiri ne domin darasi guda, wato ka'idojin fassara nassi, kuma in da za a auna makarantar tauhidi da abu ɗaya, da wannan ya kamata a auna ta. A nan ake koya wa ɗalibi ya tambayi nassi kafin ya yi magana a kansa: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, a wane hali, wane irin rubutu ne, me ya zo kafin ayar, me ya biyo bayanta. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon misali ce mai kyau domin gajeriya ce, aya 25 kawai. Ɗalibin da aka ba shi ita zai fara da gano cewa Bulus yana tsare ne lokacin da ya rubuta ta, Filimon mai gida ne da ikilisiya ke taruwa a gidansa, Unisimas kuma bawansa ne da ya rabu da shi ya haɗu da Bulus ya tuba. Sai ya shiga laburare ya karanta yadda bauta take a daular Rum da irin hukuncin da ke jiran bawan da ya gudu. Sai ya bi wasiƙar sannu a hankali, ya lura cewa Bulus ya zaɓi roƙo alhali yana da ikon ba da umarni, ya kuma ɗauki alkawarin biyan duk bashin da ake bin Unisimas. Sai bayan wannan duka ne malami zai yarda ya tambaya me wasiƙar ke cewa ga ikilisiyar yau, ga uban gida da yaron shagonsa, ko ga dangi biyu da suka daina gaisawa. Aikin yana cin makonni, kuma amfaninsa shi ne yana kashe wa mutum ɗabi'ar tsinko aya ɗaya ya ɗora mata abin da ransa ke so. Mai wa'azin da bai sami wannan horo ba yana iya yi wa jama'a alkawarin dukiya ko warkarwa da sunan ayar da ba ta faɗi haka ba, su kuma su tafi da ita gida da zuciya ɗaya. Ɓarnar da wannan ke yi wa talakawa ba ƙarama ba ce.

Ilimin tauhidi shi ne tattara koyarwar Littafi Mai Tsarki bisa jigo: Allah da halayensa, Triniti, Yesu Almasihu, Ruhu Mai Tsarki, mutum da zunubi, ceto, ikilisiya, da al'amuran ƙarshe. Yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin ikilisiya, domin yawancin waɗannan koyarwa a cikin muhawara aka daidaita lafazinsu, kamar a taron Nikiya na shekarar 325 da na Kalsidon na 451. Ɗalibai da dama a nan suke fara jin cewa wasu daga cikin manyan malaman farko 'yan Afirka ne: Tatuliyan daga Kartaj a Tunisiya ta yau, Atanasiyus daga Iskandariya, Agustin daga Hippo a Aljeriya ta yau. Ana bi ta kan gyaran Martin Luther na 1517, a gangaro zuwa Samuel Ajayi Crowther wanda ya zama bishop a 1864, da zuwan mishan ɗin SIM a 1893, da mishan ɗin SUM da Karl Kumm ya kawo Wase a 1904, har zuwa kafuwar ECWA a 1954.

Akwai darussan da wurin da makarantun suke ne ya wajabta su. Ana koyar da addinin gargajiya na Afirka, domin faston ƙauye ba zai yi wata guda ba tare da an kawo masa maganar maita ko sammu ko tsafin gona ba. Byang Kato, ɗan ƙasar Jaba a kudancin Kaduna, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka kafin rasuwarsa a 1975, yana cikin waɗanda suka fara rubutu a kan dangantakar bishara da al'ada, kuma har yanzu ana muhawara a kan ra'ayinsa a azuzuwa. Bayansa malamai irin su Yusufu Turaki da Samuel Waje Kunhiyop sun rubuta littattafan da ake karantawa a kan tauhidi da ɗa'a ta fuskar Afirka. Ana kuma koyar da Musulunci, tarihinsa da rukunansa, da zamantakewar Kirista da Musulmi. Wannan darasi ya cancanci a ba shi muhimmanci fiye da yadda wasu ɗalibai ke ba shi, domin fasto a Arewa maƙwabcin liman ne, kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, wani lokaci ma kakansu ɗaya, kuma a ranar da hankali ya tashi abin da ya faɗa wa matasansa yana iya kashe wuta ko ya hura ta.

Sashen aikin hidima shi ne inda karatu ke sauka ƙasa. A darasin wa'azi ɗalibi yana tsayawa gaban 'yan ajinsu ya yi wa'azi na ƙayyadadden lokaci, malami na zaune a baya da takarda. Da ya sauka sai a shiga warware shi: ya tsaya a kan nassin ko ya yi yawo, misalinsa ya haska maganar ko ya rufe ta, muryarsa ta kai kujerar ƙarshe. Ana koyon shirya sujada, ba da Jibin Ubangiji, yin baftisma, ɗaura aure, binne mamaci, ba da shawara ga ma'aurata da masu makoki, da riƙe littafin kuɗin baiko. A 'yan shekarun nan kula da waɗanda rikici ya raba da gidajensu ya zama babban sashe na wannan aiki, musamman a ikilisiyoyin Borno da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna. Ƙarshen mako kuma akan tura ɗalibai majami'u na kusa, su koyar da makarantar Lahadi ko su yi wa'azi, lokacin dogon hutu kuma a tura su zama na makonni a ƙarƙashin wani gogaggen fasto.

A wannan fita ne wata matsala ke bayyana wadda manhaja ba ta cika magance ta ba. Da Turanci ake koyar da digirin, da Turanci ake rubuta jarrabawa da kundin kammalawa, amma majami'ar da ake tura ɗalibin da Hausa take sujada, tsofaffin cikinta ma sun fi sakewa da Ngas ko Tangale ko Bura ko Tyap. Wanda ya ci maki mai kyau a kan koyarwar barata ta wurin bangaskiya yana iya tsayawa gaban zumuntar mata ya rasa yadda zai faɗe ta su gane. Littattafan tauhidi da Hausa ba su da yawa, saboda haka nauyin juya ilimin yana kan ɗalibin shi kaɗai. Makarantar da ta sa ɗalibanta su riƙa yin wa'azin gwaji da harshen da za su yi hidima da shi ta yi musu gata babba.

Rayuwar makarantar ma horo ce. Ana fara yini da sujada a ɗakin addu'a, kowane ɗalibi yana cikin ƙaramin rukuni da wani malami ke lura da shi, kuma ana duba hali kamar yadda ake duba maki. Da yawa daga ɗaliban magidanta ne da suka bar koyarwa ko noma ko aikin gwamnati suka zo da iyalansu, shi ya sa wasu makarantu ke da sashen mata inda matan ɗalibai ke koyon Littafi Mai Tsarki da sana'a. Kuɗin makaranta kan fito ne daga ikilisiyar da ta turo mutum, ko daga dangi, ko daga 'yar gonar da yake nomawa a bayan masauki. Mata ma suna yin digirin. Wasu ɗarikoki suna naɗa su, wasu kuma suna ba su aikin koyarwa da hidimar mata da yara. Tsarin Katolika ya fi tsawo, domin mai neman zama fada yana yin shekarun falsafa kafin na tauhidi, kuma yana ɗaukar alkawarin zama ba aure.

Takardar digiri ba ita ce naɗi ba. Makaranta tana shaida cewa mutum ya yi karatu, ikilisiya ce ke da ikon keɓe shi. A yawancin ɗarikoki wanda ya kammala yana komawa gundumar da ta turo shi, a ba shi majami'a ko sabon filin bishara, ya yi shekaru yana aiki ana lura da shi, sannan a ba shi lasin, daga baya a ɗora masa hannu ya zama Rabaran. A Angilikan da Katolika ana fara zama dikin kafin a zama firist. Ba kowa ne ke ƙarewa a kan bagade ba: wasu suna koyar da ilimin addinin Kirista a makarantun sakandare, wasu suna zama limaman sojoji ko asibiti ko gidan yari, wasu suna shiga aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harsunan da har yanzu ba su da shi, waɗanda suka fi son bincike kuma suna wucewa digiri na biyu da na uku, su dawo su koyar a makarantun da suka yaye su.