Karatun Haƙo Mai: Bayani Ga Iyayen Masu Neman Digiri Na Biyu

Ga wata mas'ala wadda ta fara shiga zaurukanmu. Yaro ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya ce yana son ƙarin ilmi, watau digiri na biyu, a fannin injiniyancin man fetur. Uba kuwa bai san abin da za a karanta ba, kuɗin kaɗai ya ji. To, ga bayani gwargwadon hali.

Ku sani, mai ba tafki ba ne kwance ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda jama'a suke zato. Yana laɓe ne cikin ƙananan kafofin dutse, tamkar ruwan da ke cikin yashin kogi da rani. Wani Bafaranshe, Henry Darcy, shi ya auna yadda ruwa yake ratsa yashi a birnin Dijon cikin 1856, ƙa'idarsa kuwa har yau ita ce babbaƙun wannan karatu. Ashe masu tonon rijiya a ƙauyukanmu ba su yi nisa da fannin ba, lissafi ne ya raba su.

A digiri na biyu ɗalibi yakan karkata ga reshe guda. Akwai masu haƙa, waɗanda sukan cika ramin da wani taɓo mai nauyi don ya danne ƙarfin da ke ƙasa, gama in rijiya ta ƙwace, masifa ce, kamar wadda ta auku a Tekun Meksiko cikin 2010, inda mutum 11 suka rasu. Akwai masu kula da fitar da man zuwa sama. Amma reshen da ya fi zurfi shi ne na masu lissafin taskar man kanta. Dalili kuwa, abin da akan iya fitarwa daga fili, bisa matsakaici, wajen sulusi ne kawai, saura yana maƙale cikin dutse. Wanda ya san inda za a tura ruwa ko iskar gas don a koro ƙarin kashi biyu ko uku cikin ɗari, ya jawo wa kamfani dukiya mai yawa, ganga guda kuwa lita 159 ce. Saboda haka yaron da lissafi yake ba shi wuya, kada a tura shi, ko da ya yi ta naci.

Makarantu suna nan. A Heriot-Watt ta Edinbara shekara ɗaya ake yi, a Amurka galibi biyu. Akwai Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai a Zahran ta ƙasar Saudiyya, wadda aka kafa a 1963. A gida akwai fannin a Fatakwal da Ibadan, har da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Gwamnati kuma ta kafa asusun PTDF tun 1973, yana ɗaukar nauyin ɗalibai zuwa waje bayan tantancewa. Nan ya kamata a fara ƙwanƙwasa ƙofa kafin a taɓa jarin kasuwa.

Sai haɗarin, wanda fatake za su fi kowa ganewa. Wannan sana'a tana tashi da faɗuwa ne tare da farashi. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗi ƙasa da dala 30. Kamfanoni suka kori ma'aikata dubbai, waɗanda suka shiga makaranta lokacin tsada suka fito lokacin araha, takarda a hannu, ba mai nema. A ganina, uban da ya sayar da gona ko gida don wannan karatu ya yi ganganci. Ya fi kyau yaro ya fara taɓa aiki shekara biyu ko uku, ya ji warin rijiya, kana ya koma makaranta da sanin abin da ya rage masa.

Duk da haka ba za a ce Arewa ba ta da rabo ba. Tun da aka sami mai a Oloibiri cikin 1956 harkar tana Kudu, amma a 2019 aka ba da sanarwar samunsa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe. A Nijar man Agadem yana zuwa matatar Damagaram tun 2011, a Cadi kuwa na Doba ya fara fita ta Kribi a 2003.

Abu guda akan rikita. Matatar mai, irin ta Kaduna ko ta Ɗangote a Legas, ta fi bukatar injiniyan sinadarai, shi kuwa injiniyan man fetur aikinsa yana bakin rijiya. In yaro ya ce matata yake hange, a tambaye shi wace takarda ya cika.