Eldryd Parry da Ciwon Zuciyar Masu Jego

Lokacin da Eldryd Parry ya kama aikin farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969, ya tarar da abin da littattafan da ya karanta a Birtaniya suka ce da wuya likita ya gamu da shi. Mata ne masu jego, wasu ko arba'in ba su yi ba, ake kawo su asibitin koyarwa da ke Tudun Wadan Zariya ƙafafu a kumbure, ciki ya tara ruwa, numfashi sama-sama, ba sa iya kwanciya sai an jingine su. Kafin su ɗauki ciki lafiyarsu ƙalau, ba su taɓa kukan zuciya ba. A Amurka akan sami irin wannan a haihuwa ɗaya cikin dubu zuwa dubu huɗu. A Zariya, da Parry da abokin aikinsa Neil Davidson suka yi lissafi, sai suka ga abin ya kai kusan ɗaya cikin ɗari a tsakanin matan Hausawa.

Parry mutumin Wales ne, an haife shi a 1930, kuma kafin ya zo Zariya ya yi aiki a Ibadan da Addis Ababa, saboda haka ba baƙon asibitocin Afirka ba ne. Wataƙila shi ya sa bai tsaya ga ba da magani da sallama ba. Shi da Davidson sun buɗe rajista, suna rubuta kowace mace: ƙabilarta, garinsu, haihuwa ta nawa, watan da ciwon ya kama ta, awon jininta, abin da take ci da yadda take jego. Mata 224 suka tattara, suka wallafa cikakken bayaninsu a 1978, kuma har gobe da wuya a yi rubutu kan wannan ciwo ba a ambaci aikin ba.

Domin a gane ciwon, sai a tuna irin wahalar da ciki ke ɗora wa zuciya. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma zuciyar nan guda ce za ta riƙa tura shi dare da rana. Bayan haihuwa, ruwan da ya taru a sassan jiki yakan komo cikin jijiyoyi kafin ƙoda ta fitar da shi. Zuciya mai lafiya takan jure. A wasu matan kuwa, ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda ke harba jini zuwa ko'ina a jiki, sai ya buɗe ya saki kamar robar zani da ta tsufa. Lafiyayyen ɗaki yakan fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa a kowane bugu. Likitoci na ɗaukar mace ta kamu idan abin ya faɗi ƙasa da kashi 45 cikin ɗari a ƙarshen ciki ko watannin bayan haihuwa, ba tare da an gano wani dalili ba. Jinin da ya kasa wucewa sai ya taru a huhu da hanta da ƙafafu. Daga nan haki da tari da kumburi suke fitowa.

Abu biyu suka ɗauki hankalin likitocin Zariya. Na farko, kusan duk matan Hausawa ne ko Fulani, alhali asibitin na karɓar kowace ƙabila. Na biyu, ciwon na bin yanayi: ya fi yawa a watannin zafi da damina, yana kai ƙololuwa wajen Yuli, ya ragu da hunturu. Da suka fita daga asibiti suka duba gidaje, sai suka iske wankan jego. Mai jego na wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗa shi a jiki da ganye, har kwana arba'in ko fiye. Tana kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Tana shan kunun kanwa ba ƙaƙƙautawa, don nono ya kawo kuma jiki ya warware.

Iyayenmu mata ba da mugunta suke yin wannan ba, kuma akwai tunani a bayansa. A fahimtar gargajiya, haihuwa na barin jiki ɗanye, kuma babban abokin gabar ɗanyen jiki shi ne sanyi. Idan ya shiga, mace ta kumbura. Ka ga inda matsalar take: kumburin da likita ke karantawa a matsayin gazawar zuciya, shi ne ungozoma da kaka ke karantawa a matsayin shigar sanyi, maganinsa kuwa a wurinsu ƙarin ruwan zafi da ƙarin kanwa.

Bayanin da Davidson da Parry suka gabatar tun 1974 mai sauƙin fahimta ne. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Zafi na buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙara aiki. A haɗa wannan da zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin wata tara, a kuma ƙara da zafin gari, sai ta durƙushe. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne yadda matan ke samun sauƙi cikin gaggawa da zarar an ba su maganin fitar da ruwa da na ƙarfafa bugun zuciya, aka kuma raba su da kanwa. Da John Sanderson ya duba zukatan irin waɗannan mata a Zariya da na'urar hoton zuciya, ya wallafa a 1979 cewa da yawansu naman zuciyarsu bai lalace sosai ba, ruwa ne ya yi mata yawa.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne haƙurin bibiya. Neman matar aure a ƙauyukan Zazzau bayan shekara ashirin, ba waya ba lambar gida, wataƙila ma ta sake aure ta canja gari, aiki ne na mai naci. Amma an yi. A 1998 aka fitar da sakamakon bin sawun matan na fiye da shekara ashirin, da sunayen likitocin Nijeriya a jerin marubuta tare da na Parry, aka ga da yawa daga cikinsu sun ƙare da hawan jini. Wannan ya nuna tun farko akwai wani abu a jijiyoyin jininsu da ya wuce batun kunu.

Parry ya bar Zariya a 1977. Ya zama shugaban farko na tsangayar likitanci a Ilorin, daga 1980 ya shugabanci tsangayar likitanci a Kumasi. Littafin da ya shirya a 1976, Principles of Medicine in Africa, ya koyar da ɗaliban likita cututtuka kamar yadda suke bayyana a nahiyar, da yanayinta da talaucinta. Ya rasu a 2022.

Tambayar da ya bari a Zariya, wato me ke haddasa ciwon, ta ci gaba da tafiya. A Yamai, likita Bafaranshe Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun auna jinin masu jego da ke fama da ciwon, suka ba da rahoto a 1992 cewa sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci a jikinsu. A Sakkwato, binciken da Simeon Isezuo ya jagoranta ya samu mace ɗaya cikin haihuwa 102, kusan adadin Zariya bayan shekara talatin. Can a Hanoba ta Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a 2007 cewa furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, na iya tsagewa ya bar wani guntu mai kashe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Ita da Karen Sliwa suka gwada maganin da ke tsayar da furolaktin a kan mata 20 a Afirka ta Kudu: cikin goman da suka sha, ɗaya ta rasu, cikin goman da ba su sha ba, huɗu. Sai dai maganin na busar da nono, kuma a gidan da ba kuɗin madarar gwangwani ba tsabtataccen ruwa, ceton uwa ta wannan hanya na iya zama barazana ga jariri. A 2016 kuma aka gano cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu ciwon na ɗauke da tawayar ƙwayoyin gado irin wadda ke haddasa buɗewar zuciya a wasu dangi.

Gwajin gaske ga bayanin Zariya daga Kano ya fito. Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci rajistar ƙasa baki ɗaya da aka sa wa suna PEACE, wadda ta haɗa mata 406 daga asibitoci 22, aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu. Sakamakon da ya fito a 2020 ya tabbatar da rabin maganar Parry: mafi yawan masu ciwon daga Arewa maso Yamma suke, kuma a Kano ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Ɗaya rabin kuwa bai tsaya ba. Da aka tace alƙaluma, wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su bambanta masu ciwo da lafiyayyu ba. Abubuwan da suka fito fili su ne ramar jiki, hawan jinin ciki, rashin karatun boko da rashin aikin yi.

A ganina wannan bai rushe aikin Zariya ba, ya gyara shi ne. A shekarun Parry kusan kowace Bahaushiya na wankan jego, kuma matan da suka fi tsananta shi su ne dai matan ƙauye marasa ƙoshin abinci da ba sa zuwa awo. Raba al'ada da talauci a irin wannan hali sai da ƙungiyar kwatanci da na'urar da ke auna ƙarfin zuciya, abubuwan da Kano ta samu a wadace, Zariya ta 1970 kuwa ba ta samu ba. Akwai kuma yiwuwar cewa wasu daga cikin matan Parry nauyin ruwa da gishiri ne ya kayar da su, kamar yadda hotunan Sanderson suka nuna, wasu kuma ainihin ciwon naman zuciya ne. Don haka kada wata ta karanta wannan ta ce an wanke kanwa. Ga macen da zuciyarta ta riga ta raunana ko take da hawan jini, sodiyam guba ne, daga gishiri ya fito ko daga kanwa.

Bibiyar da ƙungiyar Karaye ta yi ta nuna kusan mace ɗaya cikin biyar ta rasu a cikin kamar shekara ɗaya da rabi, kuma waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Sun kuma gwada ba wa marasa lafiyar da ke da ƙarancin seleniyam ƙwayarsa, a wani ƙaramin gwaji na mata 100, suka ga alamun ciwon sun ragu, abin da ke jiran babban gwaji kafin ya zama ƙa'idar magani. Kafin nan, abin da ke hannun iyali shi ne lura. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ko tari ya hana ta barci, ko kumburinta ke ƙaruwa maimakon sacewa, hoton zuciya take buƙata a makon. Wadda aka tabbatar mata da ciwon kuma sai an sake duba zuciyarta kafin ta ɗauki wani cikin, domin idan ɗakin hagun bai farfaɗo ba, ciki na gaba ya fi na farko haɗari.